Malamar da Ta Koya Mini Jin Tambaya

Har na shiga aji huɗu na sakandare ba wanda ya san ba na fahimtar abin da nake karantawa. Ni kaina ban san girman abin ba. Rubutuna yana da kyau, har malamai kan miƙo mini alli in kwafe musu darasi a allo idan sun gaji. In aka ce in tashi in karanta, ina karantawa, kalma bayan kalma, ba na tsallake ko ɗaya. Amma da za ka rufe littafin ka ce in gaya maka abin da na karanta, sai dai in tsaya ina kallon ka. Turancin littafi yana wucewa ta bakina ne kawai, ba ya biyawa ta kaina.

Muna zaune a Sabon Garin Zariya, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere, ba nisa da layin dogo. Babana kafinta ne, yawancin aikinsa bencin coci da ƙofofi. Mamata tana yin awara, ta sayar a ƙofar gida da yamma. A ɗakinmu Hausa muke yi, a coci ma Hausa. A tsakar gida kuwa kowa da harshensa, in an haɗu a bakin famfo sai a koma Hausa ko Turancin buroka. Wannan Turancin na iya shi sosai, da shi nake faɗa da 'ya'yan maƙwabta. Na ɗauka shi da na makaranta duk tafiyarsu ɗaya, na makarantar ne dai ya fi son yanga.

A zangon farko na wannan shekarar aka kawo mana sabuwar malamar labarin ƙasa. Dattijuwa ce, gajera, mai gilashi da igiya a wuya. Daga sunanta da ɗaurin ɗankwalinta kowa ya san Bayarabiya ce, saboda haka muka saki baki muna gulmarta da Hausa a bayan aji. Ta bar mu muka yi kwanaki a haka. Ran nan wani yaro ya ce takalminta ya girmi babansa, sai ta juyo daga allo ta ce, "Gaskiyarka. Kuma har yanzu ya fi babanka zuwa makaranta." Da Hausar Zazzau tsantsa ta faɗa, irin ta tsofaffin cikin gari. Ajin ya fashe da dariya. Daga baya muka ji cewa a nan Sabon Gari aka haife ta, babanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mijinta ma haka.

Jarrabawar ƙarshen zango ce ta haɗa ni da ita. Akwai tambayar da ta ce a kawo “factors” da suke sa gari ya kafu ya bunƙasa. Ina ganin kalmar na ji daɗi, domin na san faktori, ƙanen babana a kamfanin gurzar auduga yake aiki. Na zauna na cika shafi guda da labarin kamfani: yadda ake kawo auduga a manyan motoci, yadda inji ke ƙara, yadda ma'aikata ke fitowa da fari a gashin ido. Na fito ina gaya wa ƙawata cewa wannan karon na ci.

Da aka dawo hutu ta raba takardu, ba ta ba ni tawa ba. Ta ce in same ta a ofishin malamai lokacin hutun tara. Na je. Na tarar tana cin gyaɗa daga ƙullin leda, takardata a gabanta, babu jan biro ko ɗigo a wannan shafin.

"Zauna," ta ce. "Ke 'yar ina ce?"

"Nan Sabon Gari, Malama."

"To gaya mini. Da can nan wurin daji ne. Me ya kawo mutane suka zauna?"

Na jira ta koma Turanci. Ba ta koma ba.

"Jirgin ƙasa," na ce a hankali.

"Sai me?"

"Sai kasuwa. In akwai ma'aikata dole masu sayar da abinci su zo. Sai masu gini, da kafintoci irin babana. Kuma baƙi ba su samun wurin zama a cikin birni lokacin, sai a nan."

Ta cire gilashin ta bar shi yana reto a ƙirjinta. "Kin ga abin da kika faɗa yanzu? Shi aka tambaye ki. Kin san amsar tun kafin ki shiga ɗakin jarrabawa. Tambayar ce ba ki ji ba."

Ta rubuta kalmar a bayan takardata, ta rubuta faktori a ƙarƙashinta, ta nuna mini inda suka rabu. Ta ce ta farkon tana nufin abin da ya taimaka wani abu ya faru, ko da ba shi kaɗai ba ne. Ni dai kunya ta rufe ni, hawaye suka taru. Ta tura mini ledar gyaɗar ta ce, "Ci. Labarin kamfanin ya yi daɗi, na karanta shi har ƙarshe."

A makon da ya biyo baya ta zaɓi wasu daga cikinmu, waɗanda takardunsu suka nuna irin ciwona, ta ce mu riƙa tsayawa bayan an tashi, ran Talata da Alhamis. Da farko ba wanda ya so. Nan da nan sauran 'yan aji suka raɗa mana suna ajin daƙiƙai. Ƙawata, wadda mamarta ke sayar da gwanjo a kasuwa, ta rantse ba za ta zauna ba, amma da ta ga na zauna sai ta zauna tana kumbure-kumbure. Akwai kuma yaron nan mai maganar takalmi, ɗan wani makanike, wanda ya ce shi ya zo ne don ya ga ƙarshen abin.

Ba labarin ƙasa take koya mana ba a wannan zaman. Kalmomi ne, irin waɗanda ke cikin kowace tambaya ta kowane darasi amma ba malamin da ya taɓa tsayawa ya bayyana su, don kowa yana ganin aikin wani ne. Kalmar da ke cewa ka kwatanta abu biyu, da wadda ke cewa ka bambanta su. Wadda ke son ka lissafo kawai, da wadda ke son ka faɗi dalili. Ba ta ba mu da yawa. Wani lokaci kalma ɗaya za mu yi ta juyawa har mako ya ƙare. Za ta rubuta ta da girma, mu faɗe ta har bakinmu ya saba, ta gaya mana ma'anarta da Hausa, wani lokaci da buroka saboda waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba. Daga nan sai ta ce, "Ku tafi da ita gida. Ku nemo mini ita a gidanku, jibi ku kawo."

Na tuna makon “process”. Ta ce ita ce hanyar da abu ke bi, mataki bayan mataki, har ya zama wani abu. Na koma gida ina ta tunani, sai na tarar da Mama tana tace waken suya. Na tsuguna kusa da ita na ce ta gaya mini yadda ake awara daga farko.

"Ke da kike taya ni kullum?"

"Malama ce ta aiko ni."

"Malamar awara za ta sayar?"

Amma ta gaya mini, tana aiki tana faɗa: a jiƙa wake, a kai niƙa, a tace, a ɗora a wuta, in ya tafasa a zuba ruwan tsami, a kwashe a matse a ƙyalle, a yanka, a soya. Ran Alhamis na tashi a gaban aji na faɗa da Hausa. Malama ta ce to yanzu da Turanci, kuma kalmar ta fito a jimlar farko. Na yi ta tuntuɓe, ban san sunan ruwan tsami ba, ita ma ta ce ba ta sani ba, mu bar shi da sunansa. Da na gama ɗan makanike ya kawo tasa, yadda ake sauke injin mota, ƙawata kuma yadda ake kwance dilar gwanjo a ware na gaba da na baya. Ranar ba wanda ya kalli ƙofa.

Bayan wasu makonni, a darasin kimiyyar halittu, malamin ya rubuta wannan kalmar a allo yana maganar yadda abinci ke narkewa a ciki. Na ji kamar na hango wani ɗan unguwarmu a tashar wani gari. Na taɓa ƙawata da gwiwar hannu, ita ma ta riga ta gani. Shi ne karo na farko da na bi darasi da Turanci daga farko har ƙarshe ban ɓace a hanya ba.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Akwai ranakun da yunwa ke hana mu jin komai, akwai waɗanda suka daina zuwa saboda ana jiran su a shago. Ita ma tana da zafi. In ka dawo ba ka nemo kalmarka ba, ba ta duka, amma za ta kalle ka ta saman gilashi har ka gwammace dukan. Wata rana na kawo mata jimlar da na kwafa daga littafi na ce tawa ce. Ta karanta ta ce, "Wannan ba muryarki ba ce. Kawo mini mai kuskure, in dai taki ce."

Wata Asabar ta ce mu sa kayan gida masu tsabta mu same ta a tasha. Ta sa mu a bas zuwa Samaru. Ni a lokacin ban taɓa wuce ƙofar jami'a ba, sai dai in hango ta daga titi in mun je gaishe da wata gwaggona. Ɗanta na fari yana karatu a can, shi ya shigar da mu. Mun zaci ɗakin karatu za ta kai mu, sai ta zaunar da mu a benci kusa da wurin masu sayar da abinci, ta saya mana lemo, ta ce, "Ku buɗe kunne kawai."

A tebur na kusa da mu wasu samari biyu suna gardamar ƙwallo, rabi Hausa rabi Turanci. Ɗaya ya buga tebur ya ce, "Kai dai surutu kake, ina evidence ɗinka?" Kalmar da muka yi a makon da ya wuce ke nan, hujja. Ɗan makanike ya zaro ido ya ce da ƙarfi, "Malama, ashe magana ake yi da kalmomin nan!" Samarin suka juyo, Malama ta yi dariya har tana share ido da gefen gyale. Mun daɗe a wurin muna tsintar kalmominmu a bakin mutane, kowa ya ji ɗaya sai ya ɗaga yatsa. Da za mu tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta nuna mana 'yan mata suna wucewa da littattafai a ƙirji. Ba ta yi mana wa'azi ba. Cewa kawai ta yi, "Su ma daga wani gida suka fito."

Shekara biyu muka yi da ita. Muna cikin hutun shiga ajin ƙarshe mijinta ya rasu. Danginsa suka zo suka tafi da gawar garinsu a kudu, ita ma ta bi su. Ta dawo bayan makonni, ta rame, ta ci gaba da zuwa makaranta, har muka saki jiki. Ashe an riga an yanke magana. Lokacin ritayarta ya yi, ɗanta ya gama karatu ya sami aiki a can kudu, ya ce ba zai bar ta ita kaɗai a gidan haya ba.

Ta zo gidanmu sallama da yamma, Mama tana suya a ƙofar gida. Mama ta goge benci da bakin zane ta ce, "Malama, ki zauna mana. Ashe gida za a koma."

"Haka suka ce," in ji Malama. "Wai gida. Ni ko hanyar kasuwarsu ban sani ba. Iyayena duk a nan suke kwance."

Mama ta zuba mata awara da yaji a takarda. Ta ci a nan bakin titi, tana gaisawa da masu wucewa, kusan kowa ta san shi ko ta koyar da ɗansa. Ni ina tsaye a jikin bango ina kallon ta. Da ta tashi na raka ta har bakin layin dogo. A nan ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, in kin shiga jarrabawa kada ki yi sauri. Ki karanta tambaya, ki faɗa wa kanki ita da Hausa, sannan ki ɗauki biro." Na ce to. Ta tsallaka, na tsaya har ta sha kwana.

Na ci jarrabawar, ba da wani abin a zo a gani ba, amma ta isa ta kai ni kwalejin horon malamai. Na kira ta na gaya mata, ta yi guɗa a waya kamar Bahaushiya. Mun riƙa gaisawa lokacin Kirsimeti da Ista. Daga baya lambar ta daina shiga, ni kuma ga karatu, ga aure, ga haihuwa. Na sami koyarwa a wata sakandare a Samaru, muka koma can da zama. Duk shekara ina samun yara masu kyakkyawan rubutu da ba su jin tambaya, ina kuma tsayar da su bayan an tashi. Sau da yawa in wata kalma ta ƙi shiga, sai in ji ina ma a ce tana ofishin malamai in leƙa in tambaye ta yadda za ta juya ta. In na je Sabon Gari gaishe da su Mama nakan bi ta layinsu da gangan. Gidan yana nan, an fasa ɗakinta na gaba an mai da shi shagon gyaran waya.

Ƙawata ce ta kawo mini labarinta. Ita ta gaji rumfar mamarta a kasuwa, kuma duk labarin da ya shigo Sabon Gari sai ya biya ta wurinta. Ta kira ni ta ce ɗan Malama yana neman tsofaffin ɗalibanta, ya bar lamba a cocinsu na da. Na kira shi a ranar. Hausarsa tana nan, ta ɗan yi tsatsa. Ya ce Malama ta sami shanyewar ɓarin jiki. Ta farfaɗo, tana zama, tana cin abinci, amma magana ta rikice. Turanci ya tafi kusan duka, Yarabanci sai kaɗan. Abin da ya rage mata sosai Hausa ce.

"Ni kaɗai ke jin ta a gidan," ya ce, "ni kuma ina wurin aiki tun safe. Matata tana ƙoƙari, amma sai su yi ta kallon juna. In za ki riƙa kira ko da jefi-jefi ne, ku yi hira, zan gode."

Ran Lahadi bayan an taso coci na kira, ya kara mata wayar a kunne.

"Malama, ina wuni? Yaya jiki?"

Numfashinta na fara ji. Sannan ta ce, "Lafiya lau. Wace ce?"

Na faɗi sunana, ba ta gane ba. Na ce 'yar kafinta, ta kusa da layin dogo. Sai ta ce, "Mamarki tana nan?" Na ce tana nan, tana gaishe ta. Na ji ta yi wata 'yar dariya mai nauyi. Ban tabbata ta tuna ni a matsayin ɗalibarta ba, ranar ko bayanta. Ban kuma matsa ba.

Haka muka riƙa yi duk Lahadi. Maganarta a hankali take fitowa, wani lokaci kalma ta maƙale, in ji tana nema. Nakan yi shiru in ba ta lokaci, in ta gaji sai in miƙa mata, ta ce, "Yauwa." Ba ta taɓa tambayar makaranta ba. Tambayoyinta duk na gari ne. Ko an gyara titin kasuwa. Ko mai tsiren bakin tasha yana raye. Ko jirgi yana wucewa har yanzu. Ko mangwaro ya nuna. In na je Sabon Gari sai na riƙa kallon abubuwa saboda ita, ina tara mata labari kamar yadda ake tara tsaraba. Na yi niyyar in kai mata ziyara a dogon hutu, har mun yi maganar da mijina, ɗanta ya kwatanta mana motar da za mu hau. Ba ta kai hutun ba. An binne ta a can, kusa da mijinta, a garin da ba ta san hanyar kasuwarsa ba.

A cikin kiran da muka yi na ƙarshe-ƙarshe akwai wanda hadari ya haɗu muna cikin magana. Iska ta taso, ƙofar ɗaki ta buga, na ce ta yi haƙuri in rufe taga, ruwa zai sauko.

"A Zariya?" ta ce.

"E, Malama. A nan Samaru."

"Bar tagar. Ina so in ji."

Na miƙa hannu waje da wayar, ƙarƙashin bakin kwano. Ruwan ya sauko da ƙarfi, yana dukan rufi, masu keke mai ƙafa uku suna ta hon suna neman wurin fakewa, wata mata a maƙwabta tana ƙwala wa 'ya'yanta kira su kwashe shanya. Na daɗe a haka, hannun rigata ya jiƙe har kafaɗa. Da na dawo da wayar kunnena na ce, "Malama, an ji?"

"Na ji," ta ce. "Mayar tukuna."